Kyautar Yaye

Ranar da Malam Sabo ya yaye Mujahid, sai da aka toshe rabin layin masu walda na Tudun Wada da tabarmi. Aka ci shinkafa, liman ya yi addu'a, aka shafa. Mujahid yana zaune a tsakiya cikin sabuwar shadda, yana jin idanun jama'a a kansa. Ya saba da idanun nan tun ranar da ya gaji da yawon neman aiki tsakanin Kaduna da Abuja, ya mayar da takardar digirinsa ta injiniya cikin akwatin mahaifiyarsa, ya zo ya durƙusa gaban Malam Sabo, aminin marigayi mahaifinsa, ya roƙa a koya masa aikin hannu.

A al'adar layin, maigida ba ya sallamar wanda ya koya wa sana'a hannu rabbana. Wani yakan ba da guduma, wani zarto, mai ƙarfin hali ya haɗa da injin gugar ƙarfe. Shi Malam Sabo, da ya tashi, sai ya sa aka yaye buhun da ke rufe da wani abu a bakin shago. Injin walda ne, kuma ba baƙo ba ne a layin. Tsohon injin shagon ne da ake kira Dattijo, wanda Malam Sabo ya saya na hannu daga wata masana'anta da ta rufe tun Mujahid bai zo duniya ba. A kansa Mujahid ya koyi riƙe sandar walda, a kansa ya ƙona yatsu, ya san gurnaninsa kamar yadda ya san tarin mahaifiyarsa. Kwanakin baya an ɗauke shi daga shagon, aka ce za a yi masa fenti. Ga shi ya dawo kore shar.

"Ɗan amini ɗa ne," in ji Malam Sabo, murya a sama don na baya su ji. "Abin da ya ciyar da ni, shi na ba shi. Allah Ya sa ya fi ni."

Aka amsa da amin. Mujahid ya sunkuyar da kai. Da aka zo ɗora injin a mota, mutum biyu suka ɗaga shi cak. Ya tuna cewa a da majiya ƙarfi huɗu sai sun yi nishi kafin su gusa da shi. Tunanin ya gifta masa, sai ya kore shi, ya ce wa zuciyarsa ranar farin ciki komai ma sauƙi yake yi.

Ya buɗe rumfarsa a hanyar Tudun Jukun, jikin garejin Habila mai fentin mota, wani ɗan Wusasa mai barkwanci wanda suka yi makarantar firamare tare. Ba a daɗe ba aikin farko ya zo, kuma Malam Sabo ne ya turo shi.

Tsohuwar maƙabartar unguwa ta cika, sabuwar kuma tana da nisa, dattawa sun fara gazawa a hanya idan an ɗauki gawa a kafaɗa. Wani attajiri ya ba masallaci kurkura, babur ɗin nan mai ƙafa uku na dakon kaya, kwamiti kuma ya yanke shawara a gyara bayanta ta zama ta ɗaukar makara. Da shugaban kwamitin, Alhaji Auwal, ya nemi shawarar Malam Sabo, sai ya ce a ba Mujahid, ai shi ne mai ilimin zane.

Mujahid ya san abin da aikin yake nufi. A layin masu walda ba a rataya takardar shaida a bango. Aikinka na farko shi ne sunanka, shi zai riƙa yawo a titi yana yi maka shaida ko ya tona maka asiri. Wannan kuwa kowane gida a unguwar sai ya bi bayansa wata rana. Don haka ya zauna ya zana shi da dukan abin da ya sani. Ya yi masa dogo biyu na ƙarfe, irin na jirgin ƙasa, da makara za ta zame a kai ta shige ba tare da an jijjiga mamaci ba, da sakata mai riƙe ta, da rufi saboda ruwan sama, da ɗan benci inda ɗan'uwan mamaci zai zauna. Gadon makarar ya ɗaga shi sama kaɗan a kan ƙafafu huɗu na ƙarfe, domin ya yi daidai da kafaɗun masu saukewa.

Da safe Dattijo yakan yi aiki kamar da. Wuta ta kama, ƙarfe ya narke ya shige ɗan'uwansa. Mujahid ya sa guduma ya doki waldar safiya da ƙarfinsa, ko gezau ba ta yi ba. Amma idan rana ta take, sai gurnanin injin ya sauya, sandar walda ta riƙa liƙewa, wani wari mai kama da na ƙonannen roba ya riƙa tashi daga cikin akwatin.

"Injiniya, tsohon nan naka yana da hawan jini," in ji Habila wata rana, ya leƙo yana goge hannu da tsumma. "Da hantsi zaki, da azahar mage. Mu ɗora shi a keke mu kai wa masu naɗin wayar inji na Sabon Gari su leƙa cikinsa."

"Kafin mu dawo labari ya riga mu zuwa kunnen Malam," in ji Mujahid. "A ce na kai kyautarsa ana bincike kamar kayan sata?"

"To mu buɗe shi a nan. Ni da kai, sai ƙadangarun bango."

"Kai bakinka yana da murfi ne?"

Habila ya yi dariya. "Ba shi da shi, gaskiya. Amma ni ko limamin cocinmu ne ya ba ni kaza, sai na duba ƙarƙashin fiffikenta."

"Shi ya sa har yau ba wanda ya ba ka."

Maimakon haka sai Mujahid ya je wurin Malam Sabo, ya gaishe shi, ya kewaya da magana har ya kawo zancen injin, yana zaɓen kalmomi don kada su yi kama da ƙorafi. Malam Sabo bai ko ɗago daga ƙarfen da yake aunawa ba.

"Wutar layinku ce ba ta da ƙarfi. Kowa ya kunna firji da rana, me kake so inji ya yi? Ka sa siririyar sanda, ka riƙa sauri da hannu."

Mujahid ya karanta abin da ya isa ya gaya masa cewa sauri da hannu ba ya maganin ƙarancin zafi, ɓoye shi kawai yake yi. Amma tsakanin abin da littafi ya ce da abin da maigida ya ce, ya daɗe da koyon wanda ake bi a Tudun Wada. Ga shi kuma damina ta kankama, Alhaji Auwal yana aiko masa cewa mutuwa ba ta jiran a gama shiri. Ƙafafun gadon makara su ne suka rage, ya kuwa yi musu walda da tsakar rana. Waldar ta kwanta lumui, gwanin kyau a ido. Ya ɗauki guduma, ya tsaya yana dubanta, sai ya ji kamar idan ya doka, Malam Sabo yake tuhuma. Ya ajiye ta. Ya goge wurin, Habila ya fesa farin fenti.

Wanda aka fara ɗauka a kurkurar shi ne Malam Jamaluddeen, tsohon malamin makaranta da ya koyar da rabin unguwar karatu. An yi ruwa da safe, aka sallace shi bayan azahar. Makara ta zame a kan dogonta ta shige ba ƙara, sakata ta kama, wani dattijo ya juyo ya ce wa Mujahid, "Allah Ya yi albarka." Babban ɗan mamacin, Sadiq, ya hau bencin. Jama'a suka bi a ƙafa da babura.

A kwanar da ke gangarawa wajen Gyallesu akwai wani rami da ruwa ya rufe. Direban bai ma yi gudu ba. Ƙafar baya ta faɗa, aka ji ƙas, sannan aka sake jin ƙas. Gadon ya karkace baya, sakata ta fita daga mazauninta, makara ta zamo. Hannuwa da yawa suka kai cafka, suka riƙe wajen kai, amma wajen ƙafa ya riga ya taɓa ƙasa. Jar laka ta ɓata likkafani.

Babu wanda ya yi ihu. Aka yi salati ƙasa-ƙasa. Sadiq ya sauko, ya durƙusa cikin taɓon, ya cire hularsa yana goge likkafanin mahaifinsa da ita, lakar kuma tana ƙara bazuwa. Wani ya miƙo ruwan leda. Daga nan aka ɗauki Malam Jamaluddeen a kafaɗa, kamar yadda aka ɗauki iyaye da kakanni, aka bar kurkurar a gefen titi da farin fentinta.

Mujahid ya bi su har maƙabarta, domin komawa ta fi tafiyar muni. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ma ya dube shi. Da aka jeru ana miƙa itacen rufin kabari hannu zuwa hannu, sai na kusa da shi ya tsallake shi ya miƙa wa na gaba.

Washegari da hantsi ya janyo kurkurar zuwa rumfa ya duba karayar. Waldar ta ɓare daga jikin ƙarfen kamar ƙanzo daga tukunya; a sama ta zauna, ba ta taɓa shiga ciki ba. Ya jima yana juya guntun a hannu. Sannan ya ɗauki sifana ya kwance murfin Dattijo.

Ya san abin da ya kamata ya gani, domin ya taɓa taya Malam Sabo share cikin injin: naɗin wayar jan ƙarfe mai kauri, wadda tsufa ya mayar da ita launin goro. Wayar da ya tarar fara ce, siririya, sabuwa. Alminiyom ne, mai arha, mai saurin ɗaukar zafi, kuma bai kai kaurin da zai ɗauki irin wannan wuta ba. Bakin kowace waya an ɗaure shi da zaren tsohon tiyub, ƙulli biyu da ɗan kunne a gefe. Mutum ɗaya ne a layin yake wannan ɗauri, shi ne kuma ya koya wa Mujahid shi.

Habila ya leƙa ta kafaɗarsa. Wannan karon bai yi barkwanci ba, ya koma garejinsa.

Mujahid ya sami Malam Sabo shi kaɗai a cikin shago yana shan koko. A kusurwa ga wani sabon inji da aka haɗa a nan gida, an yi masa huji-huji don iska, ta cikin hujin ana hango launin goro. Ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya saba, aka tambayi gida, aka tambayi gajiyar jiya.

"Malam, na buɗe injin."

Malam Sabo ya kurɓi koko. "To. Ashe an kai nan."

"Malam, me na yi?"

"Ka yi gaggawa. Na gaya wa mahaifiyarka ba ka nuna ba, ta dage sai an yaye ka, ta turo min liman. Ka tafi da zanenka, ka tafi da lissafinka, masu manyan motoci suna zuwa suna tambayar ina Injiniya kamar ni hoto ne a shagon." Ya ajiye kofin. "Jan ƙarfen nawa ne, da gumina na saya. Akwati na ba ka, kuma yana aiki."

"Da safe."

"Na ɗauka zai gajiyar da kai ka dawo da ƙafarka. Ban ce gawa za ta faɗi ba. Allah Ya sani, ban ce haka ba."

"Amma kai ka kai sunana gaban kwamiti. Da na zo na faɗa maka, kai ka ce in yi sauri da hannu."

Malam Sabo ya kau da kai yana duban titi. Can ya ce, "Aikin masallaci ne, lada ake nema. Wa zan tura in ba ɗana ba? Kai kuma da iliminka, me ya hana ka sa guduma?"

Tambayar ta shige shi. Abin da ya hana shi yana zaune a gabansa yana shan koko.

"An jima bayan la'asar za a zauna a masallaci," in ji Malam Sabo, muryarsa ta yi laushi. "Zan ce zan gyara musu kyauta. Kai ka yi shiru, ka ba da haƙuri. Bencinka yana nan ban ba kowa ba. In ka yi shekara biyu ko uku a ƙarƙashina, mutane za su manta."

A gida ya faɗa wa mahaifiyarsa, Inna Rakiya, komai. Tana tsince shinkafa a faranti, hannunta ya tsaya, sannan ya ci gaba.

"Na yarda da kai," ta ce. "Amma ka rufe bakinka. Shi ya tsaya a kan gawar mahaifinka, shi ya ɗauke ka lokacin da takardarka ta kasa. Ranar da za a nema maka aure, shi za a tura."

"Inna, sunana fa?"

"Suna yana dawowa. Wanda ya tona wa maigidansa asiri, shi ne ba na jin nasa yana dawowa."

Ya zauna a soro har aka kira la'asar, yana auna maganar. Ya ga kansa a kan tsohon bencin, yana zana wa Malam Sabo bodin motoci, ana nuna shi da baki a ce ga wanda ya yar da Malam Jamaluddeen. Ya ga kuma cewa laifin da ke wuyansa na gaskiya ne, zai ɗauka, amma ba zai ɗauki na mutum biyu ba. Ya ari baro a wurin Habila, ya ɗora injin, ya tura shi zuwa masallaci.

Dattawa suna zaune a inuwar darbejiya, Sadiq yana gefe. Malam Sabo ya riga ya yi maganarsa, ana ta sa masa albarka. Alhaji Auwal ya dubi baron, ya dubi Mujahid.

"Malam Mujahid, kana da magana?"

Mujahid ya durƙusa. Ya fara da nasa: ya ce ya ga alama bai tsaya ba, ya ɗauki guduma ya ajiye, ya nemi gafarar Sadiq da ta jama'a. Sannan ya miƙe ya ɗage murfin, ya bayyana abin da ke ciki da abin da ya kamata ya kasance a ciki, a taƙaice, ba tare da ya ambaci suna ba. Bai buƙaci ambata ba. Duk wanda ke wurin ya ci shinkafar yaye.

Alhaji Auwal ya taso ya leƙa. Tsohon ɗan kasuwar kayan wuta ne, kallo ɗaya ya ishe shi. Ya ɗago ya dubi Malam Sabo, Malam Sabo yana jan carbi. Mujahid ya ga fahimta ta bi fuskokin dattawan ɗaya bayan ɗaya, zuciyarsa ta ɗan saki.

"Mun gani," in ji Alhaji Auwal. "Rufe."

"Alhaji…"

"Na ce mun gani, ɗana. Rufe cikin nan." Ya koma ya zauna, ya gyara babbar rigarsa. "Abin da ya faru ƙaddara ce. Malam Sabo zai gyara kurkura, Allah Ya saka masa. Kai kuma da ka same ni a gida, da na san yadda zan yi. Amma a ƙofar masallaci, gaban sa'o'in mahaifinka? Wanda ya buɗe cikin maigidansa a bainar jama'a, wa zai ba shi aikin ƙofar gidansa ya ga tsakar gida?"

Aka yi gyaran murya, wasu suka gyaɗa kai. Liman ya ɗaga hannu, aka shafa fatiha, taro ya watse. Sadiq ne kaɗai ya tsaya kusa da baron, ya dubi farar wayar.

"Ni ban san jan ƙarfe ba, ban san fari ba," ya ce a hankali. "Na dai san wanda ya yi waldar." Ya wuce.

Mujahid ya mayar da murfin, ya ɗaure kusoshin ɗaya bayan ɗaya har suka kama. Ya kama hannun baron. A mararraba, hanyar Tudun Jukun tana dama, sai ya yi hagu, ya shiga layin masu walda. Ana cikin aiki, tartsatsi yana tashi a kowace rumfa, amma da ya wuce sai injuna suka riƙa yin shiru. A layin nan an ga faɗa, an ga shari'a, an ga wanda ya gudu da kayan maigidansa, amma ba a taɓa ganin wanda ya mayar da kyautar yaye ba. Kowa ya san ma'anarta: babu maigida, babu mai tsaya maka, babu wanda zai ara maka ko sandar walda ɗaya.

Malam Sabo ya riga shi isowa, yana tsaye a bakin shago.

"Mujahid, ka yi tunani. In ka sauke shi a nan, ka sauke ni."

Mujahid ya karkata baron, ya rungumi injin, ya ajiye shi a hankali a kan dakalin shagon, ya gyara masa zama don kada ya tare hanya. Ya durƙusa, gwiwa har ƙasa.

"Na gode da koyarwa, Malam. A huta lafiya."

Ya miƙe ya juya baron. Babu wanda ya yi masa magana a layin, shi ma bai nemi idon kowa ba. Ya tura baron ya nufi garejin Habila, domin ya yi alkawarin mayar masa da shi kafin ya rufe.